Ƙarfen da ke bakin kwatar Garwa ba na sikeli ba ne

Akwai wani ƙarfe a bakin kwatar Garwa, a gaɓar kogin Binuwai a arewacin Kamaru, da na sani tun ina yaro. Gajere ne, kaurinsa kamar turmi, kansa da faɗi, an dasa gindinsa cikin siminti. A jikinsa ake ɗaure igiyar jirgi. Igiya ta ci wuyansa har ta yi masa zobe, kuma ko da yake tsatsa ta mamaye sauran jikin, in ka shafa daidai wurin nan sumul za ka ji shi. Kakana, Allah Ya jiƙansa, shi ya fara ɗora mini hannu a kai. Ya ce, "Kai ja'iri, shafa ka ji. Nan kakanka ya ƙarar da ƙarfinsa. Ubanka kuwa inuwar kanti kawai ya sani."

Kwanakin baya na bi ta wurin tare da wani abokina mai sana'ar gwangwan. Da muka zo daidai ƙarfen sai ya tsaya, ya ɗauki dutse ya ƙwanƙwasa, ya karkata kai yana sauraren amon. Ya ce, "Malam, wannan zalla ne, ba gauraye. Da za a sallama mini, kafin la'asar na tuge shi." Ba da mugun nufi ya faɗa ba. Mutum ne mai iyali, yara wajen goma na cin abinci a ƙarƙashinsa, kuma idonsa ya riga ya zama sikeli: duk abin da ya gani sai ya auna. Abin da ya dame ni shi ne na buɗe baki zan ba shi amsa, na rasa ta inda zan fara. Na dawo gida ina ta juya maganar, har ta kai ni ga wannan rubutu.

Ra'ayina dai shi ne kada a tuge. Amma dalilina ba irin wanda aka saba ji ba ne, domin ni ba na cikin masu jiran ranar da manyan jirage za su dawo Garwa.

Yaran yanzu in ka ce musu garin nan ya taɓa samun ƙofa zuwa teku, dariya za su yi maka. Alhali haka abin yake. Binuwai in ta bar mu ta ratsa Yola, Numan, Ibi da Makurɗi, ta je Lakwaja ta haɗu da Kwara, su gangara tare ta Onica har cikin surƙuƙin rafukan da ke bakin teku. A can, a gefen kogin Forcados, akwai wani gari da ake kira Burutu. Kamfanin Turawan Ingila na Royal Niger, wanda George Goldie ya samo wa takardar izinin sarauta a 1886, shi ya mai da Burutu sansaninsa. An karɓe masa izinin mulki a 1900 amma cinikin bai tsaya ba. Kamfanin Lever ya saye shi a 1920, a 1929 kuma aka haɗe shi da wani kamfani aka sami kamfanin UAC, wanda tsofaffinmu suka sani da kantunansa. A Burutu aka gina kwata, da manyan sito-sito, da wurin gyaran jirage. Jiragen teku su sauke kaya a can, a juye su cikin jiragen kogi masu shafaffen gindi, waɗanda ba sa buƙatar ruwa mai zurfi, su kamo hanyar arewa, tafiyar da ta haura kilomita 1,000 nesa ba kusa ba. Garwa ce zangon ƙarshe.

Kakana bai taɓa taka Burutu ba, amma yadda yake ambaton sunan sai ka ɗauka bayan Fitowa take, nan kusa da mu. "Jirgin Burutu ya iso." "Bana Burutu ta makara." Wani abin mamaki, Jamusawa ne suka fara kafa mulkinsu a nan, Faransawa suka gaje su bayan yaƙin da aka gwabza a Garwa a 1915, amma mabuɗin ƙofar garin yana can hannun 'yan kasuwar Ingila a wata ƙasa daban. Wannan kaɗai ya isa darasi guda a makaranta.

Ruwan kuma ba kullum yake ba da hanya ba. Daga wajen Agusta zuwa Oktoba ne kawai yake cika har ya ɗauki jirgi mai kaya. Ke nan aikin shekara guda cur a cikin wata biyu zuwa uku ake yin sa. Audugar arewacin Kamaru da ta Cadi a ɗaure ta dila-dila a jibge tana jira, ga buhunan gyaɗa. Jirgi kuma ya zo da gishiri, siminti, kwanon rufi, yadi, da kananzir da fetur a cikin duro. Kakana ya ce in jirgi ya busa ƙaho daga nesa har cikin unguwa ake ji, mai cin tuwo ya tsame hannu. Dare da rana ake yi, domin matuƙi idonsa na kan ruwa, in ya ga ya fara ja da baya ba ya jiran kowa. Wanda ya yi sake ruwa ya janye masa, to jirginsa ya zama ɗan gari sai baɗi. A kan wani siririn katako ake hawa da sauka, buhu a ka, ruwa na gudu a ƙasa. Kowane buhu ka kai, a miƙa maka tsinke, da yamma a ƙirga tsinkayenka a biya ka. Ya ce akwai waɗanda suka bar gonakinsu a tsakiyar damina suka zo dako, suka koma da 'yan kuɗi a aljihu suka tarar ciyawa ta cinye dawa.

Da ya tsufa, wuyansa ya ƙage. In ka kira shi daga baya ba ya iya waiwayowa, sai dai ya juyo da jikinsa gaba ɗaya, a hankali, kamar ana juya kwalekwale. Mu jikoki muna kwaikwayonsa muna dariya, shi kuma ya jefe mu da takalmi. Sai da na girma na gane cewa wuyan nan da zoben da ke jikin ƙarfen can aiki ɗaya ne ya yi su.

Mutuwar kwatar ba dare ɗaya ta zo ba. Yaƙin Biyafara, daga 1967 zuwa 1970, ya toshe ƙasan kogin, kuma ɗan kasuwa in ya koyi wata hanya ba ya cika komawa tsohuwa. A 1974 layin dogo ya iso Gaundare, kaya suka koma bin jirgin ƙasa daga Duwala, manyan motoci su ƙarasa da su ta kwalta, rani da damina, ba jiran cikar ruwa. Sannan aka gama madatsar Lagdo a 1982, wadda 'yan Sin suka gina a kan kogin kafin ya iso garinmu. Ta ba mu lantarki, ta ba masunta tafki, amma ta kama ambaliyar da jirage ke hawa a kanta, manoman masakwa na fadama ma sun ji a jikinsu. Yashi kuma ya yi ta taruwa ba mai kwashewa sai masu tifa. Can ɗaya bakin igiyar, Burutu ita ma ta kwanta. Da jiragen kogi suka daina zirga-zirga ba ta da sauran abin yi, ciniki ya koma Warri da sauran tashoshi.

To, ga dalilina na farko. Duk lokacin da zaɓe ya ƙarato, ko wani babba ya kawo ziyara, sai ka ji an tono maganar farfaɗo da tashar jiragen ruwa ta Garwa. A tafa, a watse. Ni da za a bi tawa, duk mai wannan alkawari sai a kawo shi bakin kwata a watan Afrilu da tsakar rana, ya tsaya a kan simintin ya leƙa ƙasa, ya ga tazarar da ke tsakanin inda igiya ta ci ƙarfe da inda ruwa yake, ya ga tsibiran yashi da yara ke ƙwallo a kai. Daga nan sai a tambaye shi: wa zai yashe kogin daga nan har Lakwaja, alhali kusan duk tsawon a cikin Nijeriya yake? Da kuɗin wa, kuma sau nawa, tunda yashi ba ya jin an kwashe shi bara? Ƙasashen biyu da suka kasa kammala zancen madatsar Dasin Hausa, wadda aka ce za ta tare ruwan da ake saki daga Lagdo, har ambaliyar 2012 da ta 2022 suka zo suka yi ɓarna ana nuna wa juna yatsa, su ne za su haɗa kai a kan wannan? Ban ce ba zai taɓa yiwuwa ba. Kwalekwale masu inji har gobe suna zuwa daga Yola in ruwa ya cika, kuma gyara musu wurin sauke kaya abu ne mai kyau da ba ya buƙatar dogon buri. Amma kango ba ya ƙarya. Muddin yana tsaye, mai ido zai iya auna magana da shi. Ran da aka share wurin aka dasa shaguna, sai abin da aka gaya mana.

Wannan tunani ya ƙara zauna mini ne a Limbe. Na taɓa raka wani kawuna da ke kai albasa kudu, da muka sauke a Duwala ya ce, "Ɗana, tunda ka zo, zo ka ga teku ka huta da labari." Gani ya kori ji. Rairayin wurin baƙi ne ƙirin saboda dutsen Kamaru mai aman wuta da ke tsaye a kan garin. Garin da ma Victoria ake kiransa, wani ɗan mishan Alfred Saker ya kafa shi a 1858, sai a 1982 aka sauya masa suna. A gefen nan Jamusawa suka yi manyan gandayensu, suka shimfiɗa ɗan siririn layin dogo da ke kwaso amfani zuwa bakin ruwa. Bayan yaƙin duniya na biyu aka tattara gandayen a ƙarƙashin kamfanin gandaye na gwamnati, CDC, a 1947. Kwatar Bota da ta Tiko, inda jiragen ayaba ke lodi zuwa Ingila, duk sun yi zamaninsu, Duwala ta shanye su. A can na ga bambancin tsatsarmu da tasu. Tamu ta arewa mai haƙuri ce, tana cin ƙarfe a hankali, iska busasshiya na rage mata hanzari. Ta bakin teku kuwa gishiri ke ingiza ta, ƙarfe ya kumbura ya riƙa ɓarewa falle-falle kamar ɓawon albasar da muka kawo. Abin da za mu iya ajiyewa shekara ɗari, su a can in ba a kula ba kafin jika ya girma ya zama gari.

Gaba kaɗan da garin kuma ga matatar mai ta SONARA, wadda aka buɗe a 1981 zamanin Ahmadu Ahijo, ɗan garinmu. An gina ta ta tace tan miliyan 2.1 a shekara. A daren 31 ga Mayu 2019 gobara ta ci wani ɓangare nata, tacewa ta tsaya, ƙasa ta koma sayo tataccen mai daga waje, shekaru suka yi ta wucewa ana maganar gyara. Ina fatan a gyara. Amma ko kafin gobarar akwai abin dubawa: an tsara ta ne don ɗanyen mai marar nauyi, alhali yawancin wanda ake haƙowa a Kamaru mai nauyi ne, don haka namu a sayar waje, wanda za a tace a sayo daga maƙwabta. A Edeya kuma ga Cellucam, masana'antar sarrafa itace don yin takarda da aka buɗe da gagarumin biki a farkon shekarun 1980, ba ta ko cika shekara goma ba ta rufe. Da a ce ana kai ɗaliban injiniya da masu tsara kasafi irin waɗannan wurare su yini, su tambayi tsofaffin ma'aikata me ya faru, ina jin da an rage maimaita wasu kurakuran. Ruwa ba ya tsami banza, masana'anta ma haka.

Mu nan arewa muna da namu abin dariya mai ciwo. Fetur ɗin da kakana ya sauke a duro daga Burutu, jikokinsa suna sayensa a kwalba a bakin titi da sunan zuwa-zuwa. Iyaka ɗaya yake tsallakowa, daga ƙasa ɗaya, sai dai yanzu a jarka a bayan babur. Da Nijeriya ta cire tallafin mai a Mayun 2023, kafin mako ya zagayo mai acaɓa a unguwar Yalwa ta nan Garwa ya ji a aljihunsa. Hanyar kogi ta mutu, amma abin da ya haife ta yana nan: Yola ta fi mana Duwala kusa.

Na san abin da za a ce mini, kuma ba maganar banza ba ce. Za a ce mai jin yunwa ba ya cin tarihi. Ƙarfen da ke zaune yana tsatsa, in aka narka shi rodi zai zama, a yi gini, yaro ya sami na tuwo. Gaskiya ne, kuma ban ce a hana 'yan gwangwan sana'arsu ba. Su ne ma suke tsabtace mana gari. Tarkacen da ba ya ba da labarin komai, karyayyen kwano, ruɓaɓɓen duro, a ɗauka a auna. Amma kuɗin ƙarfe ɗaya cefanen 'yan kwanaki ne, in an cinye an cinye, kuma babu maƙerin da zai sake yi masa zoben da igiya ta shekara da shekaru tana yi.

Wasu kuma za su ce, mene ne abin tunawa a nan? Wurin da Bature ya kwashe mana auduga da arha, ya karya wuyan kakanninmu? Wannan ta fi ci mini rai, domin akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Sai dai ina ganin ita ce ma hujjar ajiyewa. Mu mutane ne da ke gini da ƙasa, in gida ya zama kufai damina biyu ta mai da shi tudu, mu ce akwai aljanu mu kauce. Tarihinmu a baki muke ajiye shi, wurin maroƙa da masu kirari. To amma kirarin wa ake yi? Na lamiɗo, na sarkin yaƙi, na attajiri. Da wuya ka ji maroƙi ya tsaya yana jero sunayen 'yan dako. Takardun kamfanin kuwa suna can Ingila a ma'ajiyar Unilever da ke Port Sunlight, kuma littafin kamfani tan da riba yake ƙirgawa. Idan ka cire ƙarfen nan da simintin nan da bangon sito, ina kuma za a nuna a ce dubban talakawa sun yi aiki a nan?

Abin da nake roƙo bai kai kuɗin bikin aza harsashi ɗaya ba. A zagaya a rubuta abin da ya rage, a ɗauki hotonsa, a san adadinsa, domin abin da ba a ƙirga ba ba a sanin ya ɓata. A ware ko da kusurwar sito ɗaya a liƙa tsofaffin hotuna da taswirar kogin daga nan har Burutu, da bayani cikin Fulatanci da Hausa da Faransanci. Abin da ya fi gaggawa kuma, tsofaffin. Wanda ya yi dako yana ɗan shekara 20 a 1965, yau ya kai 80. Kowace hunturu sai ta tafi da wasu. Tun 2022 muna da jami'a a Garwa, ga ta Gaundare ga ta Marwa, kuma kowane ɗalibi da wayar da ke ɗaukar murya a aljihunsa. A tura su unguwanni su durƙusa su gaida dattawa, su tambaye su nawa ake biyan tsinke, wace waƙa ake yi in ana jan igiya, wa ya faɗa ruwa bai fito ba. Ni kaina ina da laifi a nan. Na zauna da kakana shekara da shekaru, ban rubuta ko layi ɗaya ba, waƙar jan igiyar ma amshinta kawai na riƙe.

Abu ɗaya nake tsoro in hukuma ta ji wannan kira: kada a zo a kewaye wurin da waya, a sa ƙofa da kwaɗo da mai karɓar kuɗin shiga, a kori masu wanki da masunta da masu ɗiban yashi. In aka yi haka an kashe shi karo na biyu. Wurin da ba kowa shi ɓarawo ke so.

Abokina mai gwangwan ne ma ya fara kawo wannan, ta tasa fuskar. Da na karanta masa abin da na rubuta, ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Malam, na ji. Ni na haƙura. Amma wa zai yi gadi? In ban ɗauka da rana ba, wani zai zo da dare da injin yanka." Muka koma wurin da hantsi muna wannan gardama. Muka tarar wani dattijo mai wanki ya ɗaura igiyar shanyarsa a wuyan ƙarfen, daidai cikin zoben, ya ja ɗaya bakin zuwa wata bishiya, riguna da zannuwa na ta kaɗawa. Abokina ya gaishe shi, ya ce cikin wasa, "Baba, in na zo sayen turken nan nawa za ka sallama?"

Dattijon bai ko ɗago daga bahonsa ba. Ya ce, "Yaro, shekara 30 nan nake shanya. Je ka nemo mini inda zan ɗaura igiyata tukuna."